Tagogin Gilashi a Jikin Azurfa

Kawuna, yayan mahaifiyata, maƙerin fari ne, kuma ya haura shekara 50 yana ƙira a zaure ɗaya a cikin tsohon birnin Katsina, ba nisa da hasumiyar Gobarau. Ƙira ba gadona ba ce, domin a wurinmu ta wajen uba ake gadon sana'a, ni kuwa ɗan malamin makaranta ne, kuma koyarwar nake yi, ina karantar da ilimin sinadarai a wata sakandare. Tun ina yaro nakan ja masa zuga-zugi idan mun je gaishe shi, amma bai taɓa ɗora mini masaba a hannu ba, ni ma ban taɓa nema ba. Abin da ya mayar da ni zaurensa bayan na yi iyali wani hoto ne da na ci karo da shi a waya, hoton wani abin ado na maƙalawa a ƙirji wanda Bafaranshen maƙerin nan René Lalique ya ƙera wajen 1897, wanda yanzu yake ajiye a gidan tarihin Gulbenkian da ke Lisbon. An yi shi da siffar mazari, ƙwaron nan na bakin ruwa mai fiffike shara-shara, kuma fikafikan nasa haske yana ratsa su ya fito ta ɗaya gefen da launi.

Na kai wa Kawu hoton, ya karɓi wayar ya nisanta ta daga idonsa, ya daɗe yana kallo, sa'annan ya ce, "Ɗan nan, dutse ne aka ɗaura, ko fenti ne?" Na ce masa babu ko ɗaya, gilashi ne aka narkar a cikin ramukan ƙarfen, kuma babu komai a bayansa da yake tallafe da shi. Ya miƙo mini wayar ya ce, "To me ya hana shi zuba?" Amsar wannan tambaya ce ta cinye mini shekara biyu na ranakun Asabar da Lahadi.

Asalin abin ba baƙo ba ne a gidajenmu. Duk wanda ya ga jeren iyayenmu mata, da fanteka da langa da kwanukan sha masu furanni, ya ga garin gilashi da aka narkar a kan ƙarfe, shi ya sa idan kwano ya faɗi sai wurin ya ɓantare, baƙin ƙarfen ya bayyana. Wannan shi ne inamal. Bambancin kawai shi ne na kwano yana kwance a kan ƙarfe kuma haske ba ya ratsa shi, wanda nake magana a kai kuwa garai-garai yake, yana rataye a cikin rami kamar gilashin taga, gefensa kaɗai ke riƙe da ƙarfen. Faransawa suna kiransa filik-a-jur, wato abin da yake barin hasken rana ya shige. Tsohuwar sana'a ce a Turai: akwai wani kofin azurfa mai irin waɗannan tagogi, kofin Mérode, wanda aka ƙera wajen shekarar 1400, yana gidan tarihin Victoria da Albert a Landan, kuma maƙerin Italiya Benvenuto Cellini ya bayyana yadda ake yin aikin a rubutunsa na 1568. Daga baya sana'ar ta yi sanyi, sai a ƙarshen ƙarni na 19 ta farfaɗo a Faransa da Rasha da Norway. Rashawa sun fi saƙa siraran wayoyi su cike tsakaninsu, Japanawa sukan ɗora gilashin a kan jan ƙarfe sa'annan su cinye jan ƙarfen da ruwan asid, hanya ta uku kuwa ita ce a ɗauki fallen azurfa a huda shi, a yanke ramukan da zarto. Ita na zaɓa, domin a lokacin na ɗauka ita ce mafi sauƙi, kuma ba ta bukatar lika da sinadari, wanda wutar gilashi kan narkar da shi aikin ya wargaje.

Kuskurena na farko na malamin sinadarai ne da ya yarda da kansa fiye da kima. Na ce ai gilashi gilashi ne, Nupawan Masaga a Bida ma kwalabe suke narkarwa su yi duwatsun ado da awarwaro, don haka na samo koriyar kwalba da shuɗiya na daka su a turmin ƙarfe na tankaɗe. Na zuba garin a ramin wata 'yar azurfa na sa wuta, azurfar ta yi ja, ta fara sheƙi, ta dunƙule, garin kwalbar kuwa yana nan kamar yashi, ko haɗewa bai gama yi ba. Gilashin kwalba yana bukatar zafin da azurfa ba za ta jure ba kafin ya malala, kuma ko da ya malala, azurfa tana buɗewa da zafi tana tsukewa da sanyi kusan ninki biyu na yadda gilashin kwalba yake yi, saboda haka da sun huce za su rabu ko gilashin ya tsage. Inamal na gaskiya an haɗa shi ne musamman domin ya narke tsakanin digiri 750 zuwa 850 a ma'aunin Salshiyas, kuma ya riƙa motsi kusa da yadda ƙarfen yake motsi. Dole na haƙura na yi sautunsa daga waje ta hannun wani abokina, 'yan ƙananan robobi shida, kowace ba ta fi cokali uku ba. Da Kawu ya ji kuɗin da na biya, sai ya ce ko kwallin amarya bai kai wannan tsada ba.

Sai maganar azurfar kanta, kuma a nan ne muka fara saɓani da shi. A wurin Kawu babu azurfar da ta kai liyari, tsohon kuɗin nan mai hoton sarauniya Mariya Tereza, wanda har yau 1780 ake bugawa a jikinsa, wanda maƙeranmu suka daɗe suna narkarwa su yi mundaye da zobba da kayan doki. Ya ciro guda ɗaya daga ƙasan akwatinsa, abin da ba ya yi wa kowa, ya narkar ya buge mini shi falle. Amma liyari kashi 833 cikin 1000 ne azurfa, sauran jan ƙarfe ne, kuma da zarar ya sha wuta sai jan ƙarfen ya taso ya yi baƙi-baƙi, baƙin ya shiga gefen gilashin ya dusashe shi. Ko azurfar da ake buga wa lamba 925 tana da wannan matsala, ga shi kuma tana fara narkewa wajen digiri 890, wato dab da zafin da ake aiki da shi. Tatacciyar azurfa mai lamba 999 ba ta yin baƙi, kuma sai ta kai digiri 961 take narkewa. Kawu ya raina ta ƙwarai, ya lanƙwasa fallen da yatsa biyu ya ce wannan ai dalma ce, ba ta da ƙashi. Gaskiyarsa ne, domin taushinta shi ne aibinta, idan abin ado ya lanƙwashe bayan an gama, gilashin da ke cikinsa ba ya lanƙwasa, tsagewa yake yi. Amma shi ne kuma ya nuna mini mafita ga ranar da ban sami tatacciya ba. Wankin da suke yi wa azurfa tun kaka da kakanni, a gasa ta a jefa a tafasasshen ruwan alif da lemon tsami, a goge, a sake gasawa, har ta fito fara fat, ashe cinye jan ƙarfen da ke samanta yake yi, ya bar siririyar fatar tatacciyar azurfa. Na san wannan a littafi da wani dogon suna, shi kuwa ya san shi a hannu, ya san sau nawa za a maimaita kafin baƙin ya daina fitowa.

Abin da ban zata ba shi ne yawancin aikin ba na gilashi ba ne, na zarto ne. Zarton ba irin na kafinta ba ne, wani ɗan baka ne na ƙarfe da ake ɗaura wa ruwa siriri kamar zaren ɗinki, haƙoransa suna kallon ƙasa wajen mariƙi, saboda haka a saukowa yake ci. Ana manna zanen a kan fallen azurfa mai kaurin kusan milimita 1, a huda ɗan rami a cikin kowane gida na zanen, a kwance ruwan zarton daga sama a zura shi ta ramin, a tokare bakan da ƙirji a ɗaure, a kaɗa shi da farce a ji ya yi ƙara siririya kamar tsirkiyar garaya, sa'annan a fara yanka. Idan an gama gida ɗaya sai a kwance a koma na gaba. Zanen da na ɗauka shi ne dagi, domin saƙarsa da kanta tana barin gidaje ƙanana a tsakanin layukan, kuma na yi niyyar yin 'yan kunne biyu, kowane mai gida 13. A Asabar ɗin farko na karya ruwan zarto 11 kafin azahar. Duk lokacin da ɗaya ya tsinke, Kawu ba ya ɗago kai daga aikinsa, sai dai ya ce, "Allah ya ji ƙansa."

Da ya ga asarar ta yi yawa, sai ya taso ya tsaya a bayana. Shi bai saba da wannan zarto ba, da kurfi da magagari yake huda aikinsa, amma kallo ɗaya ya yi ya gane inda nake kuskure. Ya ce, "Kana tura shi ne, Malam. Ba a tura kaifi. Ka bar hannunka yana hawa yana sauka a wuri ɗaya, azurfar za ka riƙa juyawa tana zuwa masa." Idan ya kira ni Malam, to tsiya yake yi mini. Ya kuma ba ni guntun kakin zuma in riƙa shafa wa ruwan. Daga ranar na gane cewa a kusurwa ba a tsayawa a juya, ana ci gaba da sassarfa a wuri ɗaya ne ana karkata fallen kaɗan-kaɗan har ruwan ya yi wa kansa hanya. Bayan wata biyu ina iya gama ɗan kunne guda da ruwa ɗaya ko biyu.

Yankan yana da ƙa'idodin da gilashi ne ya shimfiɗa su. Gidan da ya wuce faɗin milimita 4 zuwa 5 yana da wuya ya riƙe jiƙaƙƙen gari ba tare da matallafi ba, domin abin da yake riƙe shi tun farko shi ne irin ƙarfin da yake sa ɗigon ruwa ya tsaya a idon allura ko a ramin rariya bai faɗo ba. Amsar tambayar Kawu ke nan: ruwa ne yake riƙe garin kafin wuta, idan ya narke kuma shi kansa gilashin yana kama bangon ramin kamar zuma. Kusurwa mai tsini sosai ba ta cika, takan bar ɗan rami ko ta zama mafarin tsaga. Bangon da ke tsakanin gida da gida idan ya yi siriri da yawa yakan karkace a wuta. Sa'annan dole a bi cikin kowane gida da ƙaramin magagari a share sawun haƙoran zarto, domin da zarar gilashi ya shiga, duk wani karce da ke jikin bangon zai riƙa ƙyalli ta cikinsa. Aikin ɗaurin dutse yana da baya, maƙeri yana iya ɓoye ɗan kuskurensa a ƙarƙashin dutsen. Wannan ba shi da baya, duk wanda ya ɗaga shi sama ya ga iyakar abin da hannunka ya yi.

Wanke garin ma wani darasi ne. Ana zuba kaɗan a ƙaramin kofin gilashi, a sa ruwa, a juya, a jira manyan ƙwayoyin su kwanta, a tsiyaye ruwan da ya yi fari kamar ruwan wankin gero, a sake, har sai ruwan ya fito garau, wani lokaci sau takwas ko goma. Wannan farin da ake zubarwa shi ne garin da ya yi laushi da yawa, kuma shi ne yake sa gilashi ya fito da hazo. Na yi wankin farko da ruwan rijiyar burtsatse na unguwarmu, gilashin ya fito kamar idon da yana ta rufe, domin gishirin da ke cikin ruwan ya zauna a ciki. Sai na koma tataccen ruwan da masu gyaran batir suke sayarwa, bayan na gwada shi a makaranta na tabbatar ba a gauraya shi da asid ba, abin da nake shawartar kowa ya yi, domin ba kowace kwalba da aka ce ruwan batir ce take zama ruwa zalla ba. Babban abokin gaba kuwa shi ne hunturu. Daga Disamba zuwa Fabrairu ƙurar Katsina ba ta jin rufin ƙofa, kuma ƙwayar ƙura ɗaya da ta sauka a kan jiƙaƙƙen gari za ta zama baƙin ɗigo na har abada a tsakiyar tagar. Na lalata aiki uku a hunturun farko kafin na haƙura na mayar da watannin nan na yankan zarto kawai, cikawa da gashi sai damina ta sauka ƙasa ta kwanta.

Wajen cikawa, masu sana'ar a Turai da gashin tsuntsu da aka fiƙe suke ɗibar garin. Ni alƙalamin kara na fiƙe, irin wanda muka yi rubutun allo da shi, kuma ban ga abin da ya fi shi ba. Ana riƙe azurfar a tsaye da hantsaki, a ɗebo jiƙaƙƙen garin da bakin alƙalamin tare da ɗan ɗigon ruwan danƙo mai tsabta, a taɓa gefen ramin, a ja shi zuwa ɗaya gefen har ya shimfiɗu ya rufe gidan. Daga nan a kawo gefen farin ƙyalle mai tsabta a taɓa a hankali ya tsotse ruwan, a ajiye kusa da wuta ya bushe sarai. Idan da sauran danshi aka sa a wuta, tururi zai watsar da garin. Ga gidajen da suka ɗan yi faɗi, akan shimfiɗa aikin a kan maika, wani dutse mai ɓarewa falle-falle kamar takarda wanda gilashi ba ya kama shi sosai. Nawa daga cikin tsohon dutsen guga na lantarki na ciro shi, a wurin wani mai gyara a kasuwa, wanda har yau bai gane abin da malamin makaranta yake yi da mataccen dutsen guga ba.

Ba ni da tandar lantarki, kuma ko da ina da ita, wutar da za ta ɗauke ana tsakiyar gashi ba abin dogaro ba ce. Na fara da wutar gas ta hannu ina hura ta daga ƙarƙashin ragar ƙarfe, tana yi, amma zafin ba ya game aikin daidai, gefe ɗaya ya narke ɗaya yana gari. Kawu ne ya ce a gwada murhunsa. Matsalar gawayi toka ce, saboda haka ya samo guntun bututun ƙarfe mai kauri, ya toshe bayansa da yumɓu, ya binne shi a cikin garwashi ya bar bakinsa a waje, ya zama ɗan ɗaki mai zafi wanda toka ba ta shiga. Daga baya na fahimci cewa da irin wannan ɗaki a cikin garwashi maƙeran Turai suka yi aikin tun kafin a san lantarki. Ba mu da ma'aunin zafi, idon Kawu ne ma'aunin. Ya ce sai bayan la'asar sakaliya za mu riƙa gashi, lokacin da zauren ya yi duhu, domin da rana tsaka ido ba ya karanta launin wuta. Yana zaune yana kallon cikin bututun, yaronsa yana zuga, sai ya ɗaga hannu a tsaya idan jan ya bar na garwashi ya doshi ruwan goro amma bai kai ba. A nan nake zura aikin.

Abin da ke faruwa a ciki bai fi minti ɗaya zuwa biyu ba, kuma ana ganinsa da ido. Garin yakan fara yin duhu, sa'annan ƙwayoyin su manne da juna kamar sukarin da ya sha danshi, sa'annan saman ya yi gurɓi-gurɓi kamar ɓawon lemo, daga nan ya kwanta ya yi sheƙi. A gashin farko ba a barinsa ya kai ga sheƙi, ana fitar da shi tun yana kamar sukari. Ko da hakan, idan ya huce za ka tarar ya tsuke ya janye zuwa bango, ya bar rami a tsakiyar kusan kowane gida, domin iskar da ke tsakanin ƙwayoyin ta fita. Ranar da na fara ganin haka na ɗauka aikin ya lalace. Ashe haka yake, sai a sake cike ramukan, a busar, a mayar wuta, a sake, sau biyar ko shida ko fiye, kowane zagaye ramin yana ƙanƙancewa har ya rufe. Idan kuwa aka yi sakaci na daƙiƙa kaɗan zafin ya wuce, sai gilashin ya tsinke daga tsakiya ya koma gefe ya dunƙule, a koma gidan jiya.

A zagaye na shida na ɗan kunnen da ya fi kowane kyau a lokacin ne abin da ba na mantawa ya faru. Duk gidaje 13 sun rufe. Hannuna yana rawa, sai Kawu ya karɓi awartakin ya ciro aikin da kansa, kuma kafin in buɗe baki, hannun da ya shekara 50 yana ciro azurfa daga wuta yana tsoma ta a ruwa ya yi abin da ya saba. Muka ji cuu, sa'annan wata 'yar ƙara kamar an taka ƙanƙara. Da ya ɗago shi, dagin azurfar yana nan lafiya lau, tagogin kuwa sun zama gari a gindin kaskon. Ya daɗe yana kallon kaskon. Ban taɓa jin Kawu ya ba yaro haƙuri ba, kuma ranar ma bai bayar ba, sai dai ya ce, "Hannu ya riga ni." Na ce, "Ba komai, Kawu, Allah ya sa iyakar asarar ke nan." Da na dawo Asabar ta gaba na tarar ya kawar da kaskon ruwan zuwa bayan ƙofa, ya kuma ajiye wani tubali a gefen murhu inda aiki zai riƙa hucewa a hankali a rufe da gwangwani. Gilashi ba ya son a firgita shi, ko iskar da ta shigo ta ƙofa yana da zafi tana iya tsaga shi.

Game da launi, ra'ayina ya sauya gaba ɗaya. Da na yi sautu, ja na fi ɗoki, domin shi matanmu suka fi so a kayan ado. Amma ja da ruwan hoda ba sa shiri da azurfa. Yawancinsu da ɗan zinariya ko wasu sinadarai masu saurin ɓaci ake ba su launi, kuma idan sun haɗu da azurfa a wuta sai gefensu ya koma ruwan ƙasa ko rawaya mai datti, kowane gashi yana ƙara ɓata su. Azurfa da kanta tana rina gilashi rawaya, har masu yin tagogin majami'u a Turai sun mayar da wannan dabara tun ƙarni na 14, amma abin da yake ado a wurinsu aibi ne a wurina. Shuɗi, wanda sinadarin kobal yake ba shi launi, da kore da tsanwa na jan ƙarfe, su ne suke zama lafiya da azurfa. Sai dai su ma akwai tarko: launin da ya yi kyau a cikin roba yakan yi duhu idan ya kai kaurin milimita 1, har shuɗin da na fi so ya fito kamar baƙin rini na karofi, ba a ganin komai sai an saita shi da rana. Tun daga nan nake zaɓar mai haske fiye da yadda idona yake so, kuma kowane sabon launi sai na gwada shi a wani fallen gwaji mai ramuka kafin ya taɓa aikin gaske.

Akwai abin da ba zan tsallake ba. Wasu nau'o'in inamal, musamman na da, akwai dalma a cikinsu, domin tana ƙara musu sheƙi da garau. Mu da muke maƙwabtaka da Zamfara ba ma bukatar a yi mana dogon bayani, mun ji abin da ya faru a 2010, lokacin da gubar dalma ta kashe ɗaruruwan yara a ƙauyukan da ake daka duwatsun zinariya a cikin gidaje. Saboda haka marar dalma nake saye, kuma ko shi ba na taɓa shi a bushe sai da takunkumi, ba na kai shi gida, ba na zubar da ruwan wankinsa inda yara ko kaji suke, ba a kuma cin goro a zauren ranar cikawa, dokar da Kawu ya karɓa da ƙyar.

Bayan gidaje sun cika, saman aikin yakan yi tudu da kwari, gilashi ya hau kan azurfa a wasu wurare. Ana goge shi da dutsen wasa mai laushi a cikin ruwa, ba a bushe ba, a shimfiɗe a kan fata domin kada ya lanƙwashe, har azurfa da gilashi su yi daidai. A wannan mataki abin yakan yi fari ya dusashe, kamar an ɓata wahalar wata guda. Sai a wanke shi sosai da buroshi a fitar da duk garin dutsen, domin wanda ya saura zai ƙone a ciki, sa'annan a mayar da shi wuta mai ƙarfi na ɗan lokaci kaɗan, saman ya narke ya dawo da sheƙinsa. Maratayin kunnen ban lika shi ba, tun wajen yanka na bar ɗan ido a sama na zura zobe.

A watan Agusta na shekara ta biyu na gama 'yan kunne biyu da suka yi kama da juna, shuɗi mai haske a tsakiyar dagin, tsanwa a gefe. Kafin su, guda tara ne suka koma tukunyar narki. Na miƙa wa Kawu su a tafin hannu, a nan ba su da wani kwarjini, 'yan azurfa ne masu duhu-duhu. Ya tashi ya fita bakin zaure, ya ɗaga ɗaya saitin yamma, launin ya sauko a kan yatsunsa da gefen farin gemunsa. Ya juya shi gaba da baya. Sa'annan ya kira ni ya nuna mini gida na uku daga ƙasa da farcensa, inda wata 'yar kumfa ƙarama kamar kan allura ta maƙale, wadda ni na san da ita kuma na yi fatan ba zai gani ba. Ya ce, "Wannan iska ce ka rufe a ciki, ba ka danna garin ba." Na amsa cewa haka ne.

Na kai wa mahaifiyata su, ta sa a ranar Juma'a, ko da yake ta yi ƙorafin cewa mayafi yana rufe su, babu mai ganin hasken sai ta zauna a tsakar gida. Kawu kuwa ya sa na yi masa sautun ruwan zarto dozin biyu da baka ɗaya. Ya ce ba gilashin yake so ba, yankan ne ya ga ya fi kurfi tsabta, kuma akwai wani adon goshin doki da aka ba shi aikinsa kafin hawan Sallah. Na bar masa fallen gwaji guda a kan uwar maƙera, wancan makon na tarar an yanke gida huɗu a jikinsa, ƙanana, masu zagayayyun kusurwoyi, babu wanda ya wuce milimita 4.